Ɗakin Yaya da Auta: yadda aikin yake tafiya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ɗakin ƙafa 8 ne da ƙafa 10, daga ƙasa zuwa silin kuma ƙafa 9. Tunda muka tare a wannan gida na Pantami sito muka mai da shi: buhunan masara, tsohon keken ɗinki, da kulolin da ba a fito da su sai ana biki. Yanzu Yaya yana shekara 9, har yau kuma ɗaki ɗaya yake kwana da ƙannensa mata. Babansu ya ce kada mu jira sai ya cika goma cif, tunda hadisi ya yi umarni da a raba wa yara shimfiɗa a wannan shekarun, gara ya saba tun yanzu. Auta mai shekara 4 kuwa ya riga ya sanar da kowa cewa ƙafarsa ƙafar Yaya. Ke nan ɗakin mutum biyu za mu shirya.

Yau mun kwashe kaya, mun share, na ɗauki tef ɗin awo da alli na zana komai a kan siminti. Ƙofar ciki take buɗewa, tana cinye kusan ƙafa 3 a kusurwa. Taga ɗaya ce, a ɗaya daga cikin dogayen bangon. Na zana gadaje biyu ƙanana gefe da gefe, kowanne da faɗin inci 40 idan an haɗa da katakonsa. Faɗin ɗakin inci 96 ne. Abin da ya rage tsakaninsu inci 16, ko darduma ba za ta shimfiɗu ba. Ni kuwa abin da na fi so wa yaran nan shi ne fili a ƙasa: inda za su yi salla, su baje littattafai, su zauna da abokinsu idan ya zo. Yaro ba a kan gado yake wuni ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na kwashe makon nan ina auna hanyoyin da ke gabanmu.

Ta farko ita ce wadda muka tashi da ita: katifa a ƙasa, da safe a jingine ta da bango. Ba na raina ta ko kaɗan, don babu gadon da ya kai ta rage cin wuri, kuma yaro ba ya faɗowa daga ƙasa. Sai dai ɗakin nan yana tsatsafo da damina ta kusurwar da ke kallon bayan gida, mun kuma taɓa kashe kunama a cikinsa lokacin yana sito. Ga shi ba ta warware mana maganar inda za a zuba tufafi ba.

Akwai gado mai ɗan'uwa a ƙarƙashinsa, wanda ake jawowa da dare a kan tayoyi, da safe a tura shi ya koma. Ya burge ni sosai don ba shi da tsawo, babu fargabar faɗuwa. Da na koma kan zanen alli sai na ga idan an jawo shi mun koma gidan jiya, inci 16 ɗin nan dai, mai son fita fitsari da dare sai ya taka ɗan'uwansa. Ƙarƙashin gado kuma, wanda na sa wa ido don ajiya, ya tafi ke nan.

Wanda ake naɗewa ya shige bango da rana ma na gani a waya. Yana buƙatar ƙarfe na musamman da bango mai ƙarfi, mu kuwa gidan haya muke, bulo mai rami ne. Ban kuma yarda yaro ɗan shekara 9 ya riƙa sauke abu mai nauyi haka shi kaɗai ba. Na ajiye wannan gefe.

Saura gado mai hawa biyu. Wurin gado ɗaya yake ci, ya kwantar da biyu, ƙarƙashinsa kuma ya ɗauki durowa. Idan muka jera shi da dogon bangon da ba shi da taga, zai bar mana fili mai faɗin ƙafa 4 da inci 8, tsawon ɗakin baki ɗaya. Shi muka tsayar, amma zuciyata ba ta kwanta ba tukuna, saboda Auta.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun je wajen kafinta ni da Babansu. Dattijo ne, shagonsa ba nisa da kasuwar katako. Tambayarsa ta farko: "Hajiya, kun sayi katifar?" Na ce a'a. Ya ce to mu fara da ita, shi ba ya yanka katako sai ya ɗora tef a kan katifar da za ta hau gadon.

Mun yi ta jayayya da Babansu a kan ƙarfe ko katako. Shi yana son irin na makarantar kwana, mai walda ya haɗa cikin kwana kaɗan, gara ba ta ci, kuɗin cizo ba ya samun maɓoya sosai. Gaskiyarsa ce. Amma ni na yi makarantar kwana, na san ƙarar da gadon nan yake yi idan na sama ya juya, na san kaifin bakin ƙarfen da ba a goge ba, kuma yawancinsu ba su da abin tare yaro. Idan an yi masa walda gaba ɗaya ma ba zai shiga ta ƙofar ɗakin nan ba. A ƙarshe mun tsaya a kan katako, a haɗa shi da bol da not maimakon ƙusa, yadda za a iya kwance shi ranar da muka tashi daga gidan, ko a raba shi gadaje biyu idan sun girma.

Malam, wato kafintan, ya ba da shawarar madaci a ƙafafu huɗu da dogayen katakon da ke ɗaukar nauyi, malaina kuma a sauran, don kuɗi ya yi sauƙi. Ya ɗauko guntu biyu ya ba ni na riƙe, ɗaya busasshe ɗaya ɗanye, bambancin nauyinsu a fili yake. Ya ce ɗanyen katako a wannan hunturu, kafin wata ɗaya ya tsotse, ya karkace, gaɓoɓin gado su saki. Zai saya ya jingine shi a inuwa ya ƙara shan iska kafin ya taɓa shi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Katifu sun zo, ƙanana biyu, waɗanda 'yan kasuwa ke kira shida da uku. Da muka auna, tsawonsu inci 75 ne, wato ƙafa 6 da inci 3. Da an yi gadon a kan ƙafa 6 daidai, da katifar ta tokare. Kaurin kowacce inci 6. Mai shagon ya so ya ba mu mai kauri inci 10, wai ta fi laushi, na ƙi, kuma ina da dalili.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau ce ranar da na fi ba wa muhimmanci a duk aikin nan. Na rubuta awo a takarda na kai wa Malam, muka zauna a kan bencinsa muka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hukumar da ke kula da lafiyar kayan masarufi a Amurka tana da ƙa'idoji a kan irin wannan gado, kuma na ga ba su da wuyar bi a shagon kafinta na Gombe. Na farko, yaron da bai kai shekara 6 ba ba ya kwana a sama. Wannan ya yanke magana: Yaya sama, Auta ƙasa. Na biyu, katakon da ke tare yaro ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5. A nan kaurin katifa yake shigowa. Idan kariyar ta tashi inci 12 aka ɗora katifa mai inci 10, abin da ya rage inci 2 ne, yaro mai birgima a barci zai haye ta bai sani ba. Da tamu mai inci 6, na ce a yi kariyar inci 14.

Na uku shi ne wanda Malam ya fi jinjina wa. Duk wata kafa tsakanin katakon kariya kada ta wuce inci 3 da rabi. Ya ce shi ya saba barin inci 5 ko 6 don ya fi kyan gani kuma ya rage katako. Na ce masa haɗarin ba faɗuwa kaɗai ba ne. Jikin ƙaramin yaro yana iya zurarewa ta kafar da kansa ba zai wuce ba, ƙafafu su fita, ƙirji ya fita, kai ya maƙale, ya rataye da wuya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Subhanallahi. Hajiya, ban taɓa kawo wannan a raina ba, kuma na yi irinsa ba ɗaya ba biyu ba." Nan take ya yanko ɗan guntun katako mai inci 3 da rabi ya ce da shi zai riƙa gwadawa, duk inda ya shige to kafar ta yi yawa. Na ji daɗin dattijon nan ƙwarai. Wani da cewa zai yi mace ta zo koya masa sana'arsa.

Kariyar kuma ta zagaye duka ɓangarorin, har da na jikin bango, don gado yana matsawa a hankali, yaro ya faɗa tsakaninsa da bango. Wurin hawa kaɗai za a bari, faɗinsa kada ya wuce inci 15. Katakon da ke ƙarƙashin katifar sama a ɗaure kowanne da sukuru, ba a jera su kawai ba, don na san Auta, yana kwance zai sa ƙafa ya riƙa tura su.

Inda muka daɗe shi ne maganar gidan sauro. A al'adar kafintocinmu, ƙafafun gado ake bari su zarce sama, a ɗaura gidan sauro a kansu. Amma sanda mai tsini a saman gado tana kama wuyan riga ko igiyar jaka lokacin da yaro yake saukowa. Mun yanke cewa ƙafafun su tsaya daidai da kariya, a goge kawunansu su yi sumul. Na sama za a rataye shi daga silin da ƙugiya huɗu, na ƙasa kuma a jikin gadon sama.

Tsayi: daga saman katifar ƙasa zuwa ƙarƙashin gadon sama inci 32, yadda ni ma zan iya zama gefen Auta idan ba shi da lafiya ba tare da na yi ta sunkuyo ba. Saman katifar Yaya zai kama inci 60 daga ƙasa, ya bar masa inci 48 zuwa silin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba a fara ba. Sha'aban ne, kowa yana son a kai amaryarsa kafin azumi, shagon cike yake da gadajen amare da madubai. Ya ba mu haƙuri, mun haƙura.

Mun yi amfani da jiran muka cire fankar sama. Fikafikanta inci 56 ne daga baki zuwa baki, tana tsakiyar ɗaki mai faɗin inci 96, ke nan bakinta yana da tazarar inci 20 kacal daga bango, gadon kuwa zai fito inci 40. Kai tsaye a kan Yaya za ta riƙa juyawa, ya miƙe tsaye ko ya ɗaga hannu ta same shi. Mai gyaran wuta ya sa fankar bango mai raga a ɓangaren taga, ya kuma matsar da ƙwan fitila daga inda hannun yaro zai kai. Mai gidan da muke haya ya amince, da sharaɗin mu mayar da fankarsa ranar da za mu tashi. Ya kuma yarda a juya ƙofar ta riƙa buɗewa waje. Wannan ɗan gyaran kaɗai ya dawo mana da kusurwa guda sukutum.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Gado ya shigo, gunduwa-gunduwa a bayan Keke Napep, aka haɗa shi a cikin ɗakin. Da suka gama Babansu ya hau sama ya zauna, ya jijjiga, bai ko motsa ba. Na bi kowace kafa da guntun katakon Malam. Wuri ɗaya ya shige, a ɓangaren ƙafa, tsakanin katakon ƙarshe da gindin katifa, yaron shagon ya ƙara sanda ɗaya a wurin kafin su tafi. An kuma ɗaure gadon da bango a wuri biyu da ƙarfe mai kusurwa.

Ba mu yi masa fentin mai ba. Wasu fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, suna ɗauke da dalma, Auta kuma har yanzu yana kai abu baki. An goge shi da sanfefa, aka shafa masa mai sheƙi mara launi. Warinsa yana nan, don haka taga da ƙofa a buɗe za su kwana har ya fita. Yaran sai leƙe suke yi.

Durowa biyu manya a ƙasa, a kan tayoyi, kowacce da zurfin ƙafa 2. Na ce a yi su da filawud, ban yarda da allon nan na garin katako da ake matsewa ba. Yana da kyau a ido, amma da ruwa ya taɓa gindinsa sai ya kumbura, ɗakin nan kuwa kullum sai an goge shi, ga kuma tsatsafon damina.

Lahadi, 9 ga Maris

Sun tare tun farkon azumi. Yaya yana gwada kai azumi har magariba bana, da sahur sai ya sauko cikin magagin barci, don haka na sa ƙaramar fitila mai caji kusa da tsani, tana kwana a kunne.

Abin da nake tsoro ya faru tun rana ta biyu: na shiga na tarar da Auta a sama yana tsalle. Faɗa ba zai hana shi ba, shekararsa 4. Malam ya zo ya yanka allon filawud daidai faɗin tsanin, mai ƙugiya biyu a baya. Da safe Yaya yana saukowa sai a rataya shi ya rufe matakalai uku na ƙasa, a sa ɗan sakata ta baya inda hannun Auta ba ya kaiwa. Da dare a cire. Ya yi kuka a ranar farko, na zaunar da shi na ce masa ranar da ya cika shekara 6 ni da kaina zan cire allon. Yanzu kullum sai ya tambayi saura nawa.

Doka uku na kafa musu: mutum ɗaya a sama, babu tsalle, ba a rataya komai a jikin gado, ko bel ko jakar makaranta ko igiyar caja.

Gidan sauron da muke da shi irin wanda ake rabawa ne, na babban gado, ya yi wa mai faɗin ƙafa 3 yawa, yana zubowa ta gefe har ya rufe tsani. Na kai wa tela ya rage faɗinsu duka biyun, ya yi musu kunnuwa gajeru yadda ba sai an ƙara igiya ba. Na shanya su a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, kamar yadda ma'aikatan lafiya suke faɗa, don kada maganin jikinsu ya yi wa yara ƙaiƙayi a fuska. Na saman ya fi wuyar cusawa ƙarƙashin katifa, sai mutum ya taka gefen gadon ƙasa. Yaya ya koyi yi da kansa daga ciki.

Asabar, 22 ga Maris

Babu sif a ɗakin nan, kuma ba za a sa ba. Ƙaramin sif ma zai ci ƙafa 2 a zurfi, ƙofofinsa su ci wasu ƙafa 2 idan an buɗe. Kayan yara ba su da tsawon da za su buƙaci haka. Durowa ɗaya ta Yaya, ɗaya ta Auta. Kayan makaranta da na Islamiyya suna rataye a ƙugiyoyi bayan ƙofa, na Auta a ƙasa-ƙasa yadda zai ɗauko da kansa. Kayan Juma'a da na Salla suna cikin akwatin ƙarfena na makaranta, a ƙarshen gado, a inci 40 ɗin da suka rage tsakaninsa da bango. Na ɗora masa matashi ya zama wurin zama.

A saman akwatin aka kafa kanta mai hawa uku a jikin bango. Alƙur'ani da allunansu a hawan sama, littattafan boko a tsakiya, na ƙasa kuma Auta ya cika shi da motocin gwangwani. Wata ƙawata ta ba ni kyautar 'yar doguwar kabad mai durowa biyar, na gode mata, amma ɗakin 'yan mata na kai ta, can ma sai da aka ɗaure ta da bango. Yaro yana jawo durowa ya taka kamar tsani, kabad ɗin ta kifo a kansa. A 2016 kamfanin IKEA ya janye irin waɗannan kabad miliyan 29 a Amurka bayan sun kashe yara ta haka. A gidajenmu ma haka muke jingine su ba ɗauri, har mu ɗora talabijin a kai.

Kafa abu a bulo mai rami sai da dabara. Ƙusar kankare kaɗai ba ta riƙewa, tana sassautawa. Malam yana ƙwanƙwasa bango da bayan guduma har ya ji inda ya yi tauri, a nan yake hudawa ya sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a cikin bango, da dogon sukuru.

Teburin karatu yana ƙarƙashin taga, allo ne mai faɗin ƙafa 3, zurfinsa inci 18, a kan hinji, da ƙafa ɗaya mai naɗewa. Idan an gama aikin gida a sauke shi ya kwanta a jikin bango. Kujerar roba ɗaya, da dare tana komawa tsakar gida. Jiya bayan la'asar na leƙa, Yaya ya shimfiɗa darduma yana gaba, Auta a gefensa yana kwaikwayon ruku'u, durowa a rufe, tebur a sauke, har da sauran wuri a bayansu.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Salla lafiya, zafi kuma ya kankama. Kwanon rufi yana wuni yana shan rana, da dare silin ya riƙa sako hucinsa, wanda ke sama shi ya fi ji. Idan akwai wuta fankar bango tana isarsa. Idan babu, Yaya yakan sauko da tabarma ya kwanta a ƙasa, ko ya bi Babansu tsakar gida. Sai dai a ƙasan ba shi da gidan sauro, don haka gobe za a ƙara ƙugiya biyu a bangon taga, a riƙa ɗaura na ukun idan ya sauko. Muna kuma neman ƙaramar fanka mai caji wadda za a maƙala a jikin kariya ta waje, mai ragar da yatsa ba ya shiga.

Na bi bol ɗin duka da sifana, biyu sun ɗan saki, katako ya ƙara bushewa kamar yadda Malam ya faɗa. Ya ce a sake dubawa idan ruwa ya sauka, don a lokacin kuma kumbura zai yi.

Abin da ya rage: a toshe tsatsafon kusurwar baya kafin watan Yuni, a sa raga a taga, a samo musu wurin ajiye takalma, don yanzu a bakin ƙofa suke tarwatse. Mai gyaran bangon ya ce zai zo ranar Talata, sai an janye akwati da durowar Auta kafin ya iso.